Ranar da Malam Datti Ya Ba da Maus Ɗinsa

Akwai wani malamin firamare a Gafasa, sunansa Malam Datti. Bara, saura shekara biyu ya yi ritaya, aka sanar cewa jarrabawar ƙarin girma a kan kwamfuta za a yi ta, a wata cibiya a Gaya. Sau biyu ƙarin girman yana wuce shi. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, kuma matakin da ya bar aiki a kai, da shi za a lissafa masa fansho.

Matsalarsa ɗaya ce: hannunsa na dama yana rawa. Alli bai taɓa gagararsa ba, amma da ya kama maus, wato linzamin kwamfuta, sai kibiyar ta yi ta tsalle a fuskar kwamfuta, ya nufi nan ta faɗa can.

'Yarsa Surayya, mai aikin buga takardu a wani shago a Ajingi, ita ta ce masa, "Baba, daina wahalar da kanka. Yawancin abin da maus ke yi, madannai ma suna yi."

Kowace Asabar sai ya hau babur ya tafi shagon. Ta koya masa danna madannan Ctrl da S don adana aiki, Ctrl da Z don warware kuskure, Alt da Tab don sauya shafi. Ya rubuta su da ajami a ƙaramin littafi, yana bitarsu kamar mai hadda.

Wata rana a ofishin malamai, Mudassir, matashin malamin da kowa ke kira idan kwamfutar makaranta ta ƙi, ya leƙa littafin.

"Baba Datti, kwamfuta da ajami? To Allah ya sa ta iya karantawa!"

Aka kwashe da dariya.

"Ba ita za ta karanta ba, Malam Mudassir," in ji dattijon. "Ni ne."

"Ni shawarata ka haƙura. Wannan zamanin ba naku ba ne."

Malam Datti ya rufe littafinsa, ya tafi aji.

Ranar jarrabawa Mudassir ma ya zo rubutawa, aka zaunar da shi kusa da Malam Datti. Minti arba'in aka bayar: a buga wasiƙa a adana, sannan a koma shafin tambayoyi. Ba a yi minti biyar ba Mudassir ya fara buga maus ɗinsa a kan tebur. Kibiyar ta tsaya cak.

Ya ɗaga hannu. Mai sa ido, Malama Khairiyya, ta zo ta zare wayar ta mayar, ba motsi.

"Ya mutu," ta ce. "Babu wani a ajiye, babu kujerar da ba kowa, kuma ku ne rukunin ƙarshe."

"To Malama, yaya zan yi?"

"Ka yi da madannai. Ni dai ba ni da ikon tsayar da lokaci."

Mudassir ya zuba wa madannan ido. Shekara goma yana taɓa kwamfuta, bai taɓa buɗe ko da shafi ɗaya ba tare da maus ba. 

Malam Datti ya ji komai. Wasiƙa ba ta dame shi ba. Shafin tambayoyin ne bai taɓa gamawa da madannai zalla ba. Sau ɗaya Surayya ta nuna masa, shi ma a gurguje. Ya so ya yi kamar bai ji ba, kuma ya san ba wanda zai zarge shi. Sai ya ga hannun Mudassir a kan tebur yana rawa fiye da nasa.

"Malama, in an yarda, a ba shi nawa."

"Baba, ka tabbata? In ka bayar ba zan karɓo maka ba."

"A ba shi."

Ya koma kan wasiƙarsa. Ya gama bugawa, ya danna Ctrl da A ya zaɓi rubutun duka don ya daidaita shi. Nan yatsansa ya zame ya taɓa wani harafi. Wasiƙar gaba ɗaya ta ɓace, sai "g" guda ɗaya a farin shafi.

Malama Khairiyya, da ke tsaye a bayansa, ta dafe baki.

Shi kuwa bai ko waiwayo ba. Ya ce "Bismillahi," ya danna Ctrl da Z. Wasiƙar ta dawo cif. Ya danna Ctrl da S, ya sa mata suna, sannan Alt da Tab ya kai shi shafin tambayoyi.

A nan ya sha wuya. Ya danna Tab ya wuce tambayar farko, ya rasa inda yake. Ya tsaya ya nutsu, ya tuna Shift da Tab ke mayar da mutum baya. Daga nan ya kama hanya: Tab ya kai shi kan tambaya, madannan kibiya su zaɓi amsa. A hankali yake tafiya, amma bai sake ɓata ba. Saura minti biyu ya isa akwatin miƙa aiki, ya danna Enter, ya naɗe hannuwansa.

"Baba, wa ya koya maka?" Malama Khairiyya ta tambaya a hankali.

Ya gyara zaman hularsa. "'Yata ce. Surayya. Tana Ajingi."

Bayan sati uku sakamako ya fito. Malam Datti ya ci, Mudassir ma ya ci.

Ranar Litinin, ofishin malamai cike, Mudassir ya durƙusa a gaban dattijon.

"Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe min. Kuma in ba damuwa, ina so ka koya min."

Malam Datti ya jawo masa kujera gaban kwamfutar makaranta.

"Na yafe. Zauna, Malam Mudassir. Ɗauke hannunka daga kan maus ɗin."

Darasi: Kada ka raina mai koyo saboda shekarunsa ko hanyar da ya bi, ba ka san ranar da abin da ya sani zai fitar da kai ba. Kuma wanda ya yi haƙuri ya koyi abu da kyau, shi ke da halin taimakon wani. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu ganin lokacin koyo ya wuce su.