Gizo Sarkin Gayya da Ƙwaryar Fura

"To, ga ta nan, ga ta nanku. Kai Ɗanjuma, sakar wa ƙanwarka kunne!"

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wata damina dabbobi suka naɗa Gizo sarkin gayya, don ya iya kiɗa, ga daɗin baki. Kun dai san gayya: yau a taru a nome gonar wannan, gobe ta wancan. Tana kuma da ƙa'ida. Wanda ya gama kunyarsa ba ya zama, sai ya juyo ya tari na baya, kuma ba mai taɓa fura sai na ƙarshe ya fito.

Rannan aka zo kan gonar Gizo. Geronsa ya kai gwiwa, ciyawa na neman shaƙe shi, shi ne kuwa abincinsu na shekara shi da matarsa Ƙoƙi. Ƙoƙi ta dama wa 'yan gayya fura a ƙatuwar ƙwarya, ta zuba nono mai kauri. Gizo ya leƙa, yawunsa ya tsinke. Ya ce a ransa, "Duk wannan a cikin ƙattin nan? Ina! Bari in haɗa su tsere, hankalinsu ya bar kan ƙwaryar."

Ya ja Kura gefe. "Ke kaɗai nake gaya wa. Yau ba taimakon kowa. Wanda ya fara fita, furar nan tasa ce ɗungurungum."

"Har da nonon?"

"Har da ludayin."

Ya raɗa wa Giwa haka. Ta ce, "Ashe na sha na gama."

Ya raɗa wa Zomo. Zomo ya sosa kunne. "To Kunkuru fa? Kullum ni nake tarar sa."

"Uwarku ɗaya? Kai dai yi ta kanka."

Gizo ya rataya ganga ya sakar musu kiɗa mai zafi. Wayyo, yara, ku zo ku ga ɓarna! Kura ta rufe ido tana sara, ciyawa da gero duk ɗaya. Giwa ta ga hauya na ɓata mata lokaci, ta yar, ta bi kunya da ƙafa, dim, dim, dim. Zomo kuwa duk ciyawar da ya cire sai ya watsa wa na kusa da shi, na kusa ya ramo. Kunkuru na can baya yana kira, "Jama'a, a tare ni mana!" Ko waiwaye ba wanda ya yi.

Shi kuwa gogan naku ya zagaya bayan tsamiya, hannu ɗaya na kiɗa, sauran na riƙe da ƙwarya. Ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindinta.

Su ukun suka iso a guje.

"Tawa ce! Gizo ya yi mini alkawari!"

"Ke ma?"

"Af, kai ma?"

Suka juya, ga ƙwarya a kife, ga Gizo da nono har gira. Ba wanda ya ko zage shi. Suka koma suka ɗauko Kunkuru, Giwa ta aza shi a baya, suka saɓa hauyoyinsu suka tafi.

Gizo ya miƙe ƙafafu yana gyatsa, wai ya yi wayo. Ƙoƙi ta zo ɗaukar ƙwarya, ta dubi gona, ta dafe ƙirji. Ta fizgo shi ta ce, "Tashi ka gani!" Gero duk ya kwanta, wani an sare, wani an tattake.

Ta ce, "Furar ta yi daɗi, Maigida?"

"Ƙwarai kuwa."

"Madalla. Ita ce ta ƙarshe a bana. Da me kake zaton ake yin fura?"

Nan Gizo ya zauna daɓas ya ɗora hannuwa duka a ka.

Kun ji ko? Duk wanda aka ba jagorancin mutane, in ya koya wa kowa ya yi ta kansa, aikin ne zai lalace, shi ne kuma zai fara jin yunwa. Ɗanjuma, gobe in kun je ɗebo ruwa, ka jira ƙanana.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare, kowa ya ja tabarmarsa.