Ramin da Bai Shiga Rajista Ba

Akwai wani akawu a ofishin karɓar koke-koke na hukumar birni da ba zai taɓa mantawa da safiyar Talata, sha huɗu ga Agusta ba. Gari ya waye da yayyafi, ruwa ya kwanta a gefen titi.

Abokan aiki suna kiransa Malam Rubuto, domin duk wanda ya zo masa da kuka amsarsa ɗaya ce: a je a rubuto. Abin da bai zo a takarda ba, ba ya shiga rajistarsa.

Kafin wannan rana, sau uku wani dattijo mai gyaran takalma ya zo gabansa. Ya ce murfin kwata ya karye a hanyar masu tafiya da ƙafa, daidai gaban rumfarsa, kuma in ruwa ya rufe wurin ba a ganin ramin. Ya ce bai iya rubutu ba, a taimaka a rubuta masa.

"Baba, nan ofis ne, ba dandalin hira ba," in ji akawun, ko kai bai ɗaga ba. "In na kawo maka takalmi, da baki kake ɗinke shi?"

Aka kwashe da dariya. Dattijon ya juya ya fita.

A safiyar nan ta yayyafi, mahaifin akawun ya fito zai karɓo maganinsa a asibiti. Daidai gaban rumfar mai gyaran takalman, ya taka inda yake zaton ƙasa ce, ya faɗa ramin. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Mai gyaran takalman ne ya ciro shi, ya tallafe masa kai har mota ta zo. Likitoci suka ce da wuya ya sake takawa.

Akawun ya nufi wurin wata lauya ransa a ɓace. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce hukuma ba za ta ɗauki alhakin jinyar ba sai an tabbatar ta san da ramin ta ƙi gyarawa.

"An taɓa kai musu rahoto? A duba rajista."

Rajistar tana kan teburinsa, ya san abin da babu a cikinta.

Da la'asar ya je asibiti, yana gyara wa mahaifinsa matashin kai, tsohon ya kama hannunsa.

"Ka je ka gode wa mai takalman nan. Yana riƙe da ni yana hawaye, wai sau uku ya gaya wa wani yaro a ofishinku. Ka san yaron?"

"Na san shi, Baba."

"To ka yi masa nasiha a hankali. Kada ka kunyata shi, ɗan wani ne."

Akawun ya fita baranda ya daɗe a tsaye, fuskarsa na kallon bango.

Washegari ya rubuta wa shugaban hukumar wasiƙa. Ya faɗi ranakun da dattijon ya zo, da abin da ya ce masa, ya sa hannu. Ya san ita kaɗai ce shaidar da mahaifinsa yake da ita, ya kuma san ita ce ƙarshen aikinsa. Kwana tara tana aljihunsa, har gefenta ya lanƙwashe.

A rana ta goma ya tsaya a gidan waya, ya liƙa kan sarki, ya jefa ta a akwati.

Darasi: Kukan da ka raina don bai zo da takarda ba, wata rana a ɗakinku za a yi shi. In Allah ya ba ka kujera, ka saurari wanda ba shi da alƙalami. Ku tura wa duk wanda jama'a ke tsayawa gaban teburinsa.