Lambar Da Ta Tsare Mushe Abdussamad

Akwai wani malamin lissafi a lakwal, wato makarantar boko, ta Badaguishiri, ana ce masa Mushe Abdussamad, don "Mushe" ake kiran malamin boko a can. Allah Ya ba shi kai, shi ma kuma ya san da haka.

Wata shekara ya haɗu da wata doguwar lamba, wadda in ya rubuta ta sai ta cinye allo daga wannan gefe zuwa wancan. Ya rantse irin lambobin nan ce da ba sa rabuwa da komai sai da ɗaya da kansu. Ya ɗauri aniyar tabbatarwa da hannunsa, don a san da shi har Yamai. Ya fara raba ta da biyu, da uku, da biyar, ya yi ta hawa.

Abokin aikinsa Yahuza ya ce, "Mushe, ko jikokinka ba su gama wanga aiki. Kawo mu sa ta kwamfuta."

Ya ce, "Inji na malalata ne."

A al'adar gidansu da ke Bazaga, duk hutun damina ɗa kan koma ya kama wa uba noma. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta, Abdussamad bai leƙa ba.

Ƙanwarsa Hamdiyya ta buga masa waya. "Yaya, Baba hwa ya fara mantuwa. Jiya bai gane liman ba. Ka taho tun shina gane mutane."

"Ina tafe, saura kaɗan in ƙare."

Ni dai abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tafiyar ba ta kai yini guda ba.

Ran nan Yahuza ya gaji, ya kwafi lambar daga allo ya sa wa kwamfuta. Kafin shayinsa ya huce amsa ta fito. Lambar tana rabuwa da goma sha bakwai. Tun farkon aikin Abdussamad ya yi kuskure a nan, bai kuma taɓa waiwayawa ba, don a ganinsa irinsa ba ya kuskure.

Yahuza ya nuna masa amsar. Washegari Abdussamad ya hau mota sai Bazaga.

Ya tarar da mahaifinsa, Malam Barmo, zaune kan tabarma a zaure, ya rame. Ya durƙusa ya kama hannunsa. "Baba, ni ne."

Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga ina?"

"Daga Badaguishiri, Baba."

Fuskar tsohon ta yi haske. "Ashe ka san ɗana Abdussamad, malamin lakwal. In ka koma, don Allah ka ce mishi ina nan ina jira nai."

Darasi: Girman kai yakan hana mutum duba kuskurensa, dogon buri kuma yakan hana shi ganin na kusa. Aiki zai jira ka, iyaye ba lallai su jira ba. Tura wa wanda ka san ya daɗe bai je gida ba.