Ƙusoshi Goma Sha Biyu a Takalmin Auta

Jama'a, ku zama shaida: tun da aka fara ɗinka takalmi a duniya ba a taɓa wulaƙanta mai sana'a yadda aka wulaƙanta ni ba. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran takalma a rumfata ta bakin titi. Mai-Guduma ake ce mini, kuma ba a banza na samu sunan ba. Amma yau uwar 'ya'yana, in silifas ɗinta ya tsinke, sai ta saka shi a leda ta bi ta gaban rumfata, ta kai wa wani can da ko riƙon basilla bai iya ba. Har sannu da aiki take yi mini in za ta wuce. Wai laifina shi ne duk abin da na gani sai na nuna na fi mai shi saninsa. To in na fi shi sanin fa?

Ga yadda aka yi. Autarmu 'yar ƙwallo ce, baya take tsarewa. Bana aka kira ta cikin tawagar ƙasa, za su gasar mata ta ƙasa da ƙasa. Ana gobe za ta tafi, ta fita sallama da dangi, ta bar jakarta a falo. Ni ban buɗe ba, zif ɗin ne dama bai rufu sosai ba. A ciki na tarar da tsohon takalminta, wanda ba ta sa shi sai ranar babban wasa. Haƙoran ƙasansa, masu kama ciyawa, duk sun cinye. 'Yar Mai-Guduma a talabijin da wannan? Na ɗauke shi sai rumfa. Kowane haƙori na kafa masa ƙusar ƙarfe, shida a dama, shida a hagu. Na shafe da baƙin fenti, na mayar cikin jaka. Ban gaya mata ba. Na fi so sai ta dawo da kofi in ce, "Kin san sirrin?"

Wasa biyu na farko a benci ta kalle su. A waya tana cewa ba komai, amma uwarta ta ce da komai a muryar nan. Shekara tara yarinyar tana gudun safe saboda wannan gasa. Wasa na uku kuwa, in aka ci su sai gida, Auta ta dawo ba ta taɓa ƙwallo ko sau ɗaya da rigar ƙasarta ba.

Ranar na fito da talabijin rumfa, na jera benci. Mai aski maƙwabcina ya rufe shago ya zo, matata ta kawo kujerarta, masu wucewa suka cika ƙofa. Na sa sabuwar hula, na ce musu, "In aka sako ta, kada ku kalli fuska. Ƙafa za ku kalla."

Saura minti goma sha biyu, ana ɗaya da ɗaya, kuma canjaras ya ishe su wucewa. Sai kyaftin ɗinsu ta dafe cinya tana ɗingishi. Koci ta juya ta kira Auta. Rumfa ta kaure da ihu. Na miƙe ina amsa gaisuwa ta ko'ina.

Ashe a ƙa'ida, kafin a shiga fili, akwai alƙaliya a gefe mai duba takalmi. Ta ce Auta ta ɗaga ƙafa. Ta shafa ƙasan takalmin, ta fizge hannunta tana duba yatsa. Mai ɗaukar hoto, Allah ya shirye shi, ya matso da kyamara. Ciyawa ta cinye fentin wajen motsa jiki. Ga ƙusoshina nan sun cika talabijin, suna ƙyalli.

Mai aski ya ce, "Mai-Guduma, ka ce mu kalli ƙafa. To ga duniya duka tana taya mu."

Matata ba ta ɗaga murya ba. "Malam, aikin wane ne wannan?"

Na ce, "Ko na wane ne, kin dai ga sun jeru daidai."

Alƙaliyar ta girgiza kai. Auta ta cire takalmin, ta juya shi tana kallo, ta tsaya da safa a bakin layi. Takalminta na canji yana can ɗakin canza kaya, wasa kuma ba ya jira. Na ga koci ta waiwaya benci tana nuna wata yarinyar. Na ga fuskar 'yata. Ban san lokacin da na zauna ba, hular tana hannuna.

Sai kyaftin, da ta iso bakin layi da ɗingishinta, ta zube a ƙasa, ta kwance igiyar takalminta, ta cilla wa Auta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga wa koci hannu alamar a dakata. Takalmin ya yi wa Auta yawa, ta ja igiya har ƙarshe ta ɗaure, ta ruga fili. Ban taɓa ganin minti goma masu tsawo irin waɗannan ba. Sau biyu tana tare ƙwallo da ƙafa, sau ɗaya da kai. Aka hura usur, ɗaya da ɗaya. Sun wuce. Matata tana kuka tana dariya, ni kuma sai a lokacin na tuna ana numfashi.

Da waya ta shigo, na so in ce ina da aiki. Matata ta manna mini ita a kunne.

"Baba."

"Na'am, Auta. Kin ga yadda kika yi wasa? Jinina ne."

"Baba, guda nawa ka kafa?"

"Sha biyu. Amma fa ƙarfe ne mai kyau."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Ka san aikina? Ƙafata nake zurawa tsakanin ƙafafun mutane. Yarinyar da na tare sau biyu ɗin nan, ita ma babanta yana can yana kallo. Da alƙaliya ba ta duba ba, da yanzu ɗinkin ƙafa ake yi mata."

Da ƙyar na ce, "Ki yafe mini, uwata. Ki gaishe da kyaftin. Ki ce in takalminta ya ɓalle—"

"Baba!"

"To, na fasa."

Darasin da ke cikin wannan labari, ya mai karatu, shi ne gwanintarka a sana'arka ba ta ba ka izinin sa hannu a ta wani ba, ko da 'yar cikinka ce. Taimakon da ka ɓoye wa mai shi don a yaba maka daga baya, kanka ka yi wa. Tambaya ɗaya da na yi wa Auta da ta wadatar, girman kai ya hana ni. Allah ya rufa asiri, yarinya ta buga wasanta, ba a ji wa kowa ciwo ba. Zif ɗin nan kuma a rufe yake ruf. Ni na buɗe shi.