Yahuza da Ƙaguwar da Ta Ƙi Cin Abinci

Akwai wani matashi ɗan Kano mai suna Yahuza, yana digiri na biyu a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak a Kuala Lumpur. Bincikensa a kan ƙaguwa ne, irin manyan nan na cikin laka da ake kiwatawa a sayar wa gidajen abinci. Masu kiwon suna kokawa da tsadar kifin da suke ciyar da su, shi kuwa ya ɗauri aniyar samo musu abinci mai araha.

Yahuza yana da ƙwaƙwalwa, kuma ya san yana da ita.

Duk Asabar yakan je kasuwar Chow Kit ya karɓo hanjin kaji wajen wani dattijo ɗan ƙasar, Pak Sharif (Pak kamar a ce Baba ne a yarensu), mai gyaran kaji. Sai ya busar, ya niƙa da waken suya, ya dunƙule ƙanana kamar abincin tarwaɗa.

Wata rana dattijon ya ga abincin, ya murza shi a yatsa, ya girgiza kai. Ya ce a ƙauyensu na bakin teku ya tashi cikin kiwon ƙaguwa, kuma wannan ba za ta ci ba.

Yahuza ya yi murmushi ya ce, har da "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙawa a ƙarshen magana, "Pak, wannan harkar kimiyya ce lah." Ya ɗauki ledarsa ya wuce.

Bayan wata biyu, cikin ƙaguwa sittin da yake gwajin abincin da su saura sha tara. Ruwan ya gurɓace yana wari, masu yunwa kuma suka riƙa cinye 'yan'uwansu. Malamar da ke duba aikinsa ta tuna masa cewa wata uku ya rage bizarsa ta ƙare.

Kwana biyu yana zuwa bakin kasuwar yana juyawa. A na uku ya shiga.

Pak Sharif bai tuna masa komai ba. Ya wanke hannu, ya miƙo masa kujera, ya ce, "Ka taɓa zama ka kalli yadda take ci? Da hannu take ci. Riƙewa take yi ta yaga. Naka kuwa tana damƙa yake wargajewa."

Yahuza ya auna komai, ya rubuta komai, amma bai taɓa zama ya kalla ba.

Dattijon ya ce ya ɗan tafasa hanjin, ya yanka gunduwa-gunduwa, ya haɗa da dodon koɗin da ke ɓata wa manoman shinkafa gona, sannan ya ware kowace ƙaguwa a mazubinta.

Haka Yahuza ya yi da sabbin ƙaguwar da aka ba shi a jami'a. Cikin mako shida biyu kacal suka mutu, sauran suka yi nauyi kusan daidai da masu cin kifi.

Da ya kammala rubuta kundin bincikensa, ya sa sunan dattijon a shafin farko, ya kai masa har kasuwa ya karanta masa. Pak Sharif ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. To ka mayar da shi yarenmu. Ƙanena yana can ƙauye, har yanzu kifi yake saya wa ƙaguwar da yake kiwo."

Kafin ya dawo gida Najeriya, Yahuza ya sa aka fassara shi, ya hau mota ya kai wa mutanen ƙauyen da hannunsa.

Darasi: Kada karatunka ya toshe maka kunne. Wanda ya yi shekaru yana aiki da hannunsa ya ga abin da littafi bai nuna maka ba, komawa wurinsa kuma ba ƙasƙanci ba ne. Ku tura wa wani ɗalibi da kuka sani, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.