Tarwada da Wutsiya a Baki

Dalilin da ya sa kifin banda yake naɗe kamar gammo, da wutsiyarsa a baki, shi kuke son ji? To ku matsa daga gaban murhun nan tukuna. Sallau, sauke hannunka daga kan ragar, kifin bai yi ba. Tun safe nake fama da hayaƙi a ido, ku kuma kun tasa ni gaba da tambaya. Ku zauna can inda iska ba ta kaɗo muku, in faɗa muku, in dai za ku bar ni in kai aya.

A da can, kifin banda a miƙe ake yin sa, sambal kamar muciya. Kuma a lokacin tarwada tana magana. Kun dai san ta da taurin rai, a fito da ita daga ruwa tun hantsi, har azahar tana motsi. To a wancan zamani ko an feɗe ta an wanke, bakin nan bai mutu ba. Tana cikin ruwan gishiri tana surutu, tana kan wuta tana surutu, sai ta bushe ƙayau sannan kunnen mutum ya huta.

Me ya hana a toshe mata baki? Madalla, Laraba, yau kin yi tambaya mai kan gado. Alkawari ne ya hana. Tun farko da masunta suka sauka bakin gulbi, sai da suka yi sharaɗi da kifaye. Kifaye suka ce, "Mun yarda ku kama mu, Allah ya yi mu abincinku. Amma kada a kuskura a toshe mana baki da wani abin tudu, ko tsumma, ko ganye, ko ƙasa. Ranar da aka yi haka, sai mu bar muku gulbinku mu yi gaba." Masunta suka ce sun ji sun yarda. Sauran kifaye ba su dami kowa ba, karfasa ma da ta ga kwando sai ta yi shiru abinta. Tarwada ce ta mai da alkawarin nan gonar ubanta.

To a wata tunga a bakin gulbi akwai wata mata, Tumba, matar wani masunci da ake kira Arzika. Tumba ta iya banda, hannunta yana da kyau, amma tana da lalura guda: ba ta iya jin an kushe aikinta ta share. Ko kaza ce ta kalli tuwonta a karkace, sai ta sake tuƙi.

'Yarta ta fari, Yalwa, tana aure can kan tudu, garin manoma, nesa da ruwa, inda kifi ba ya isa sai da wari. Dangin mijin kullum suna tsokanar ta, wai 'yar masu ƙarni. Ana nan sai saƙo ya zo cewa Yalwa ta sauka lafiya, an sami namiji. Haihuwar fari a gida ta yi wanka, wannan kuwa a ɗakinta za ta yi jego, tsakiyar surukai. Ɗan saƙon ya ƙara da cewa mai jego ta ƙi cin abinci, romon kifin gidansu kawai take ambato.

Kun san yadda ake da 'yar fari. Tumba ba ta taɓa kama sunan Yalwa ba, "yarinyar nan" take cewa. Ba za ta je suna ba, ba za ta aika a ce tana kewarta ba, kunya ta hana. Duk abin da ke ranta game da 'yar nan ba shi da ƙofar fita sai ta kwandon kifi. Ta ƙudura sai ta yi bandar da za ta rufe bakin surukai, ƙanwarta Ladingo ta kai kafin ranar suna. Hanya ga nisa ga zafi, kifin da bai sha gishiri ya bushe har ƙashi ba, ba zai kai ba. Gishirin kuwa kantu guda ya rage mata, fatake ba za su dawo ba sai kaka.

Arzika ya kawo tarwada manya manya. Tumba ta goge musu yauƙi da toka, ta feɗe, ta wanke tas. Ta fasa gishiri a kwatarniya ta dama da ruwa, ta fara jera su ciki.

Babbar cikinsu ta ɗago kai ta ce, "Wash! Uwar gida, wannan gishiri haka? Kifi za ki aika ko kanwa?"

Tumba ta ce, "Haka uwata ta koya mini."

"Allah ya ji ƙan uwarki, amma mai jego za a ba. Ta ci wannan ai sai ƙishirwa ta kashe ta. Surukai su ce mutanen gulbi ba su da harshe. Ni dai faɗa nake, ba ruwana."

Ƙarya take yi, gishirin ne yake yi mata zafi. Amma da Tumba ta ji an ambaci surukai sai ta jawo tulu. Ta ƙara ruwa, ta ƙara, har abin ya koma salam, ta kuma tsame su tun ba su jiƙu ba. Ta yi bandarta ta ajiye. Kafin Ladingo ta gama ɗaure kaya, ƙudaje sun riga kowa sanin labari. Aka buɗe kwando, sai ga tsutsa tana yawo. Karnukan tunga suka yi sallah ba shiri.

Sallau, na ce ka bar ragar nan! Wallahi kai da tarwadar ba ku da maraba.

Arzika ya sake shiga ruwa ya kawo wasu. Wannan karon Tumba ta ɗaure fuska, ta dama gishiri yadda ya kamata, ta danne su da faifai, suna ta ƙorafi ta yi kunnen uwar shegu. Da suka jiƙu ta tsame, ta shanya a inuwa suka sha iska har fatarsu ta yi danƙo. Ta hura wuta da itacen marke, ta bari ya ci ya zama garwashi, ta watsa buntun shinkafa don hayaƙi ya tashi. Banda hayaƙi take so da zafi kaɗan kaɗan, ba harshen wuta ba, wannan ko ku kun sani. Ta jera su ta rufa tsohuwar tabarma.

Sai murya daga ƙarƙashin tabarma: "Uwar gida, wutar nan ta mutu ne?"

Wata ta ce, "Ina fa ta mutu, ba a hura ta ba dai."

Wata ta ce, "A haka za mu kai suna? Sai dai mu kai kaciyar yaron."

Suka kwashe da dariya. Shi kuma Arzika yana zaune a gindin gawo yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, maimakon ya tsaya kan abin da ya sani, sai cewa ya yi, "Ke, anya ba gaskiyarsu ba? Ai su ke kan wutar, su suka san zafinta."

Tumba ta ce, "Malam, har da kai?"

"Ni dai na ga rana tana tafiya."

Mutum ɗaya ya faɗa, kifi kwando guda ya faɗa, sai ta fara shakkar kanta. Ta yaye buntu ta tura itace. Wuta ta kama, man kifi ya ɗiga ciki, ta tashi bal har ta lashe tabarmar. Da aka kashe, bayansu gawayi, cikinsu ɗanye sharaf. Wata ma a ƙone take amma sai da ta buɗe baki ta ce, "Ai na faɗa miki kin cika wuta."

Tumba ta zauna dirshan a ƙasa ta yi kuka, kukan baƙin ciki. Ta duba gishiri, saura ɗan guntu da bai cika tafin hannu biyu ba. Suna ya matso, Ladingo ta ce in ba ta kama hanya jibi ba, sai dai ta tarar an watse. In wannan ya lalace, Yalwa za ta zauna cikin surukai ba abin da ya zo mata daga gidan ubanta.

Washegari Arzika ya kawo na ƙarshe, 'yan kaɗan, daidai gishirin da ya saura. A cikinsu akwai wata tsohuwar tarwada, baƙa wuluk, mai gashin baki kamar na dogari. Tun daga cikin gora take ba da umarni. Tumba ta feɗe ta jiƙa, tsohuwar tana ta zuba: wuƙar ba kaifi, kwatarniyar tana warin daddawa, a zamanin kakarta ba haka ake yi ba. Da abin ya ishi Tumba sai ta yage gefen zanenta ta dunƙule.

Arzika ya yi wuf ya riƙe mata hannu. "Ke, rufa mana asiri! Tsumma abin tudu ne. Kina so kifi ya bar gulbi, tunga ta tashi saboda ke?"

Ta yar da tsumman, ta tsame su ta jera a kan raga. Tsohuwar ta ga ta sami wuri, sai ta gyara kwanciya a kan raga ta ce, "Wai wa za a kai wa ne? Yalwa? Ai na san Yalwa, tana ƙarama tana wanka a mashaya. Uwar gida, faɗi sunan mana in ji. Yal-wa. Ba za ki iya ba? To uwar da ko sunan 'yarta ba ta iya kamawa, ina za ta iya yi mata banda? Yalwa ma ta san ba ki damu da ita ba."

Nan fa ta taɓo inda ba a taɓawa. Idon Tumba ya kaɗa ya yi ja. Ita kuwa uwar surutu ba ta san ta wuce gona da iri ba. Ta lanƙwaso kai baya tana nuni da gashin baki, tana cewa, "Kuma dubi nan, nan wajen wutsiyata, ko gishiri bai kama ba. Matso ki gani, nan dai, nan..."

Tumba ta matso. Ta cafki wutsiyar ta cusa mata a baki har maƙogwaro, ta kama ƙayar da ke gefen kan tarwadar ta soke wutsiyar da ita don kada ta zame.

"Ga shi nan, ɗanɗana ki faɗa mini in ya kama."

Tsit. Arzika ya saki baki. Ya zagaya ragar ya leƙa, ya sake zagayawa, yana neman abin tudu a bakin tarwada, bai samu ba. Wutsiyar tata ce, ƙayar tata ce, duka daga ruwa suka fito. Ya buɗe baki zai yi magana, Tumba ta juyo ta kalle shi, sai ya tuna akwai komar da bai gama ɗinkewa ba.

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya ta naɗe su. Ranar ta yi bandarta yadda uwarta ta koya mata, hayaƙi a hankali, tana juyawa tana shafa ɗan mai, ba mai ce mata ƙala. Kifi ya yi ja, ya bushe har ƙashi, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Ga shi da aka zo jerawa a kwando suka zauna daram, ba mai karyewa.

Ladingo ta ɗora kaya a kai ta ce, "Yaya, me zan ce mata?"

Tumba ta kau da kai ta ce, "Ba saƙo. Ki miƙa wa yarinyar nan kwandon kawai."

Bayan suna Ladingo ta dawo da labari. Ta ce da aka buɗe kwando, uwar mijin ta riga ta toshe hanci, sai ta ji ƙamshi ya cika tsakar gida, ta saki hancin ba ta shirya ba. Ta ɗauki guda ta karya, ta shinshina, ta kai baki, har aka watse ba a sake jin kalmar ƙarni ba. Yalwa kuwa aka yi mata romo da yaji, ta kurɓa, sai hawaye. Ta shanye kwanon tas ta ce, "Inna Ladingo, ki ce wa Iya na ji saƙonta."

Tumba tana tankaɗe lokacin da aka faɗa mata. Ba ta ɗago ba, cewa ta yi hayaƙin bandar nan ne har yanzu bai fita daga idonta ba.

Kifayen gulbi kuwa suka yi taro suka duba alkawari, suka ga ba a karya shi ba, ba su da bakin tashi. Tarwada ta ji kunya, ta ga duk wadda ta buɗe baki wutsiyarta za ta ci, sai ta daina magana gaba ɗaya. Ɗan'uwanta ƙurungu ne kawai har gobe in an kama shi yake ɗan gunaguni.

Shi ya sa har yau, daga nan har kasuwar birni, ba za ku ga mai hankali ta ɗora tarwada a kan raga ba sai ta naɗe ta ta sa mata wutsiya a baki, ko da ta daɗe da yin shiru, don ba a san ranar da za ta tuna ba. Ku kuma ku gode wa Allah da bai yi muku wutsiya ba. Laraba, miƙo mini buntun nan, wuta tana neman tashi.