Madugu Ilu da Tsuntsuwar Kwazazzabo

An ce shekara tara Madugu Ilu yana ratsa wani kwazazzabo a duwatsun Azbin, kullum yana jin wata waƙa tana gangarowa daga sama kamar ana tsiyaya ruwa a tulu, bai taɓa ganin mai ita ba. Ran nan da hantsi sai ga ta a bakin wata tsaga: ƴar mitsitsiyar tsuntsuwa, baya ja-ja, maƙogwaro fari fat, tana ta rausaya.

Madugu ya diro ƙasa, ya kama tsalle, rawani na warwarewa. "Na gan ta! Wallahi na gan ta! A kawo tarko, da ita zan shiga Kano!"

Tsohuwar taguwarsa ta daina tuƙa, ta ce, "Uban tafiya, kafin a ɗana tarko, ji abin da ya sami Barmo maharbi."

"Faɗi da sauri!"

Ta ce, "Barmo ya kama irin wannan don ya kai wa matarsa Tabawa. Yana tafe yana rawa, keji a ka, sai tsuntsuwar ta ce, 'Malam, sauke ni ka ji labarin Ɗanjimma makaɗi. Wata rana ya taɓa kalangu a gindin wani dutse, dutsen ya amsa masa har sau uku. Don murna ya fasa gefen dutsen, ya ɗora wa jaki, ya kai gida, ya tara unguwa. Ya kaɗa, ya kaɗa, dutse shiru. Sai jakin ne ya amsa. Ni ma haka nake, rabin muryata na duwatsun nan ne.'

"Barmo ya sha dariya, ya wuce da ita. A gida Tabawa ta shimfiɗa wa maƙwabta tabarmi. Tsuntsuwa ta buɗe baki ta ce tsui, shi ke nan. Ta ƙi gero, ta ƙi ruwa, kwana uku ta mutu. Tabawa ta ce, 'Maigida, don wannan ka yi wata biyu a daji?' To, uban tafiya, waƙar kake so ko gawar?"

Madugu ya dubi tsagar. Ya ce, "Kin yi gaskiya. A mai da tarko, a sauke kaya, nan za mu yini."

Ya kwanta rub da ciki a kan dutse mai zafi. Tsuntsuwa ta sake rerawa, kwazazzabo ya ɗauka gaba ɗaya. Dariya ta taso masa, ya toshe baki da hannu biyu don kada ta tashi.